Darussan intanet: wanne ne zai amfani malamai da iyaye a Arewacin Kamaru?

Malamin lissafi, Garwa:

Assalamu alaikum, iyayenmu da abokan aiki. Tun da aka koma makaranta a watan Satumba, da wuya rana ta wuce ba a turo adireshin wani shafi ko wani bidiyo a wannan zaure namu na hira ta waya ba, ana cewa zai taimaki yara, amma har yau ba mu zauna mun tantance wanda ya dace da mu ba. Ina so mu yi wannan aikin kafin jarrabawar ƙarshen shekara ta matso. Ra'ayina, wanda na san wasu za su yi jayayya da shi, shi ne yawancin abin da ake turowa an tsara shi ne bisa manhajar wata ƙasa, don haka yana iya zama mai inganci amma ya ɓata wa ɗalibinmu lokaci. Da yake da Faransanci muke karatu, duk yaron da ya nemi darasi a YouTube, malaman Faransa ne za su fara fito masa. Ita kuwa Faransa ta soke sassan karatun babbar sakandare na S da ES da L a gyaran da ta fara a 2019, alhali mu har yanzu muna da A da C da D, kuma jarrabawar Probatwar da yaranmu ke rubutawa a ƙarshen ajin 1ère, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandare, babu irinta a tsarinsu na yanzu. A lissafi matsalar ba ta yi tsanani ba, domin ƙa'idar Pythagore ɗaya ce a ko'ina, sai dai a sami bambanci a ajin da ake koyar da ita da kuma salon tambaya. A tarihi da labarin ƙasa kuwa, yaron da za a tambaya game da yarjejeniyar Jamusawa da sarakunan Duwala ta 1884, ko haɗewar ƙasa ta 1961, ba zai tsinci komai a darasin da aka yi wa ɗan Paris ba.

Saboda haka abin da nake fara nuna wa ɗalibaina shi ne darussan da ma'aikatar ilimin sakandare, MINESEC, ta fara ɗauka a Yaunde bayan rufe makarantu a watan Maris na 2020. Malaman ƙasar nan ne suka gabatar da su, aji aji, da Faransanci da Turanci, kuma suna nan a YouTube. Ba duka ne masu armashi ba, wasu ma karatun allo ne kawai, amma sun bi manhajar da za a yi jarrabawa a kanta. Ina neman jin ta bakinku.

Uwar 'ya'ya, Marwa:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Bayaninka ya gamsar, sai dai ka yi shi ne a matsayin wanda ya san manhaja. Ni da mata da yawa a unguwarmu ba mu yi karatun boko mai zurfi ba, kuma idan yaro ya karɓi wayata ya ce zai kalli darasi, ba ni da hanyar da zan bambance darasin Yaunde da na Paris, balle in san ko ya tsallaka zuwa wasan ƙwallo da zarar na juya baya. Kuɗin megan intanet da zai ƙare a bidiyo guda kuma daga cikin kuɗin cefane yake fita. Tambayata ita ce, mene ne uwa irina za ta iya yi da hannunta, ban da miƙa waya da yin addu'a?

Tsohon darektan firamare, Ngaundere:

'Yata, tambayarki ta fi dukkan adireshin da aka turo nan nauyi, kuma zan amsa ta da abin da na gani a shekarun da na yi ina riƙe da makaranta. Yaron da ya ci gaba, a mafi yawan lokuta, shi ne wanda ake buɗe littafin rubutunsa a gida kowace yamma, ko da mai buɗewar ba ya iya karanta abin da ke ciki. Kina iya duba ko an rubuta kwanan watan yau a saman shafi, kina iya ganin ko jan biron malami ya taɓa aikin, kina iya cewa yaro ya ba ki labarin darasin da Hausa ko Fulatanci. Wanda ya fahimta zai iya mayar da shi harshen gida, wanda ya haddace kawai zai tsaya yana inda-inda. Wannan gwaji ne da ba ya cin mega ko ɗaya.

Game da batun Malam kuwa, ina da shakku a kan bidiyo gaba ɗayansa, na Yaunde ne ko na waje. Mun ga abin da ya faru a 2020, lokacin da CRTV, tashar rediyo da talabijin ta ƙasa, ta riƙa watsa darussa a talabijin bayan an rufe makarantu. Niyya ce mai kyau, amma yaran da suka amfana su ne na gidajen da ke da wuta da akwatin kallo da kuma babba mai zama kusa da su. Da azuzuwan jarrabawa suka koma a watan Yuni na 2020, malamai da yawa sai da suka sake ɗauko darussan daga farko. Bidiyo ba ya ganin fuskar yaro, ba ya sanin inda ya ɓace, kuma yaro yana iya kallon malami ya warware lissafi sarai har ya ɗauka shi ma ya iya, sai an miƙa masa alli a gane cewa kallo kawai ya yi. Ni a ganina, intanet ta fi amfani ga malami fiye da ɗalibi, musamman a firamare.

Malamin lissafi, Garwa:

Allah ya ƙara girma, Baba. A firamare na yarda da kai ba tare da ja ba. A sakandare kuwa ina roƙon ka sassauta, domin akwai makarantun karkara da za a shafe zango guda babu malamin kimiyyar lissafi ko na sinadarai, kuma ɗalibin Tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, da ke irin wannan wuri ba zaɓi yake yi tsakanin malami da bidiyo ba. Sharaɗin da nake gindaya wa nawa ɗaliban shi ne kada su kalli darasi sai da takarda da biro a gabansu, su tsayar da bidiyon kafin malamin ya ba da amsa, su gwada da kansu, sannan su kawo mini takardar. Hajiya, wannan ma abu ne da za ki iya sa ido a kai: idan ya ce darasi ya kalla, ki nemi takardar da ya rubuta.

Malamar firamare, Yagwa:

Ina gaishe da iyaye da malamai. Ni malamar da ƙungiyar iyaye ke biya ce, kuma ajin SIL nake riƙe da shi, wato ajin farko. Ina so in shigo da wani ɓangare da ba a taɓo ba, domin duk maganar da aka yi zuwa yanzu ta waɗanda suka riga suka iya karatu ce. A ajina yara sun cika har ƙasa, kuma kusan babu wanda ake yi wa Faransanci a gida. Wasu harshen Masa suke ji, wasu Fulatanci, wasu Hausa, wasu Larabcin Shuwa, amma ranar farko da suka shigo za a fara koya musu haruffa cikin harshen da ba su taɓa ji ba. Binciken PASEC na 2019 kan ƙwazon ɗaliban firamare, wanda aka yi a ƙasashe 14 har da Kamaru da Cadi, ya nuna cewa fiye da rabin yaran da ke ƙarshen firamare a waɗannan ƙasashe ba su kai matakin da ake bukata a karatu ba. Duk wanda ya tsaya a gaban aji irin nawa ba zai yi mamakin wannan sakamako ba.

Abin da ya fi yi mini amfani daga intanet ba bidiyo ba ne, ƙananan littattafan labari ne. Akwai shafin African Storybook, wanda wata cibiya ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014, yana ɗauke da littattafan yara masu hotuna cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa da Fulatanci, ga kuma Faransanci. An jera su bisa mataki, daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai sakin layi, kuma lasisinsu ya halatta a sauke, a buga, a ma fassara. Akwai kuma StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, da Bloom Library na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL (ba ajin SIL ba), waɗanda tsarinsu ya yi kama da wannan. Yadda nake yi shi ne, idan na shiga gari inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke da ƙarfi sai in sauke labarin, in kwafe shi da manyan haruffa a bayan takardar kwali, in karanta wa yara da harshen da suka fi ji, washegari kuma mu bi shi da Faransanci. Tun da sun riga sun san abin da kura ta yi wa akuya a labarin, kalmomin Faransancin ba sa zo musu a matsayin baƙi gaba ɗaya. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta shafi makarantu da dama a yankin Mayo-Danay, na ƙara ganin darajar abin da ke ajiye a waya, domin takarda ta jiƙe amma ana iya sake kwafo labarin.

Hajiya, na Hausar nan ke ma kina iya amfani da su. Idan kina karanta Hausar boko ko kaɗan ce, ki zauna da ƙaraminku ku bi littafi ɗaya tare, kuma nauyinsa a waya bai kai na ɗan gajeren bidiyo ba.

Tsohon darektan firamare, Ngaundere:

Madalla da wannan, 'yata. Abin da kike yi da kwali shi ne ainihin tunanin shirin ELAN, wanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta kawo, inda aka gwada fara koyar da yara da harshen gida tare da Faransanci, kuma Fulatanci na cikin harsunan da aka zaɓa a Kamaru. Sai dai ki lura da abu ɗaya. Littattafan Hausar da ke waɗannan shafuka yawancinsu daga Najeriya da Nijar aka rubuto su, kuma ba kowanne ne ya sami mai gyara ba, don haka ki karanta kowane labari da kanki kafin ki ɗora shi a gaban yara.

Mai gyaran kwamfuta, Kuseri:

Salamu alaikum. Ni ba malami ba ne, amma matsalar mega da rezo da ake ta ambata ita ce sana'ata, kuma ina ganin akwai mafitar da mutane da yawa ba su sani ba. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa dole kowane yaro ya shiga intanet da kansa, a biya kuɗin darasi ɗaya sau ɗari. Akwai manhajoji da aka ƙera musamman don wuraren da babu rezo. Ta farko ita ce Kiwix, wadda ke ba ka damar sauke Wikipedia gaba ɗaya ko wani sashe nata a katin memori, ka riƙa bincike ba tare da intanet ba. Ta Faransanci cikakkiya mai hotuna tana da nauyi ƙwarai, amma akwai marar hotuna, akwai kuma ƙananan sassa kamar na lissafi kaɗai. A cikinta ana samun Vikidia, kundin sani na Faransanci da aka rubuta don yara 'yan shekara 8 zuwa 13, wanda harshensa ya fi sauƙi ga ɗan CM2 ko 6e, wato ajin ƙarshe na firamare ko na farkon sakandare. Wikipedia ta Hausa ma ana saukewa, kuma ba ta da nauyi.

Ta biyu ita ce Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality. Ana ɗora ta a kwamfuta guda, a sauke darussa sau ɗaya a inda intanet ke da kyau, sannan kwamfutar ta riƙa raba su ta wifi ga duk wayar da ke kusa, ba tare da an taɓa kiredin kowa ba. A ɗakin karatunta akwai Khan Academy da Faransanci, akwai littattafan African Storybook da Malama ta ambata, akwai kuma PhET, wato gwaje-gwajen kimiyya na kwaikwayo da Jami'ar Colorado ta Amurka ta fara a 2002. Ga makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, ɗalibi zai iya haɗa batir da waya da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta, ya canza ƙarfin wuta ya ga abin da zai faru. Malami kuma yana iya buɗe aji a ciki, ya ga wanda ya yi aiki da wanda bai yi ba.

Ko da ba a kai ga wannan ba, mutum ɗaya zai iya sauke darussan wata guda ya raba wa sauran ta manhajar Xender ko katin memori, kamar yadda matasa ke raba fina-finai a bakin kasuwa. Hajiya, idan aka zuba darussan a memori, kina iya kashe intanet ɗin wayar gaba ɗaya kafin ki miƙa wa yaro, ta haka kin huta da tunanin mega, kin kuma rage damar tsallakawa wani wuri.

Malamar firamare, Yagwa:

Na gode, Malam, amma wace wuta za ta riƙe kwamfutar? Makarantarmu ba ta da layin lantarki, kuma ko a cikin gari, idan zafi ya tsananta a watan Maris da Afrilu, sai a wuni babu wuta. Idan kuma ta lalace, wa zai gyara ta? Na san makarantun da aka kawo musu na'urori kyauta, aka yi biki, yau suna kulle a ofishin darekta saboda tsoron kada su ɓace a tuhume shi.

Mai gyaran kwamfuta, Kuseri:

Gaskiyarki, Malama, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani wutar takan ragu. Ana iya ɗora Kolibri a ƙaramar na'urar Raspberry Pi, wadda ƙaramin faifan sola da batir ke iya riƙewa, amma ƙura da zafi suna kashe kayan lantarki da wuri, kuma idan babu mutum takamaimai da aka ɗora wa alhakin kula da ita, ba za ta yi shekara ba. Shi ya sa ban ba da shawarar a kai ta ajin SIL ba. Inda ta fi dacewa shi ne ɗakin malamai na lise, wato babbar makarantar sakandare, ko wani gida a unguwa da ɗaliban jarrabawa ke taruwa da yamma, tun da dokar makarantun sakandare ma ta hana ɗalibi shiga da waya.

Malamin makaranta mai harshe biyu, Njamena:

Ina yi wa kowa sallama daga ƙetaren gadar Ngeli. Halin da muke ciki a Cadi ya yi kama da naku, da ƙarin cewa mu harsunan hukuma biyu ne, Faransanci da Larabci, kuma ɗimbin malaman firamarenmu na karkara al'umma ce ke ɗaukarsu ta biya su. Darasin da muka koya da tsada shi ne kada a gina karatu a kan dandalin sada zumunta kaɗai. Daga watan Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar nan, kuma duk malamin da ya ajiye takardunsa a zaurukan hira kawai ya sha wahalar kai wa gare su. Don haka ina goyon bayan mai gyaran kwamfuta: abin da ka sauke ya zauna a na'urarka shi ne naka.

A ɓangaren Larabci muna da irin matsalar da Malamin Garwa ya bayyana, sai dai namu malaman bidiyon daga Masar da ƙasashen Larabawa suke. Nahawu ɗaya ne, amma wasunsu da karin harshen ƙasarsu suke bayani, yaro ya fito ya ƙara rikicewa. Ga Faransanci kuwa, abin da na ga ya taimaki malamai kansu shi ne labaran RFI cikin sauƙaƙan Faransanci, waɗanda ake iya saurara tare da rubutunsu, da kuma darussan koyon harshe na TV5Monde. Kada mu ji kunyar faɗin cewa malamai da yawa, musamman waɗanda ba su bi ta makarantar horo ba, suna bukatar gyara nasu Faransancin kafin su gyara na yara. Rediyo ma bai kamata a raina shi ba. A 2017 UNICEF ta tallafa wa wani shirin koyar da karatu da lissafi ta rediyo a yankin Tafkin Cadi, don yaran da rikicin Boko Haram ya raba da makaranta a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da Diffa ta Nijar, kuma an watsa shi da harsunan gida har da Hausa. Saƙon murya a waya ɗan'uwan rediyo ne, kuma uwa da ba ta karatu tana jin sa sarai.

Ɗalibar makarantar horon malamai, Marwa:

Ina neman izinin iyayena da malamaina in ƙara kaɗan a kan maganar Baba cewa intanet ta fi amfani ga malami. Akwai kayan da aka shirya don horon malamai kai tsaye. TESSA, wanda Open University ta Ingila ta jagoranta tare da jami'o'in Afirka tun 2005, yana da darussa da Faransanci kan yadda ake tafiyar da aji mai yawan yara, yadda ake raba su rukuni, da yadda ake amfani da tsakuwa ko murafen kwalba wajen koyar da ƙidaya. IFADEM kuma, na ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci da hukumar jami'o'insu, ya fitar da ƙananan littattafan horo da aka rubuta ƙasa ƙasa, kuma ana sauke su kyauta. Tun da aka koma tsarin koyarwa na APC, wanda ke son a fara darasi da wata matsala ta rayuwa, malamai da yawa suna kwafo misalan daga intanet yadda suke, sai ka ji ana tambayar yaron Mokolo game da tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Lissafin daidai ne, amma da an mayar da shi kan buhun albasa ko awon gero, da yaron ya kama tambayar tun kafin ya ɗauki biro. Ga lissafin siffofi kuma GeoGebra kyauta ce, tana aiki a waya ba tare da rezo ba, kuma malami zai iya duba zanensa da ita kafin ya hau allo.

Abin da ke damuna shi ne manhajojin nan masu amsa tambaya, irin ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022. A lokacin koyon aiki na ga aikin gida da aka rubuta da Faransancin da ya fi na malamin, amma mai shi bai iya bayyana jimla ɗaya a ciki ba. Ban san yadda manya ke magance wannan ba.

Malamin lissafi, Garwa:

Ƙanwata, ni dai na rage makin da nake ba aikin gida, na mayar da nauyin kan abin da aka yi a gabana, kuma duk wanda ya kawo amsa mai kyau sai ya hau allo ya maimaita ta. Manhajar tana da amfani ga malami wajen samo tambayoyin gwaji da yawa cikin ɗan lokaci, amma takan yi kuskure cikin cikakkiyar natsuwa, don haka wanda bai san amsar ba tun farko ba shi da yadda zai kama ta.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan kusa da mu, wanda nake so iyaye su ji da kyau. Da zarar watan Mayu ya kama, za a fara buɗe zaurukan WhatsApp da Telegram ana tallar abin da yara ke kira ruwa, wato tambayoyin jarrabawa da ake cewa sun fita, a nemi a tura kuɗi ta waya. Mafi yawansu damfara ce, tsofaffin takardu ne aka canza musu shekara. Idan kuma ta tabbata sun fita, masifar ta fi girma, domin a 2020 sai da aka sake rubuta wasu darussan Bak, wato jarrabawar kammala sakandare, saboda irin wannan, kuma an gurfanar da mutane a gaban shari'a. Tsofaffin takardun BEPC (jarrabawar ƙarshen ajin 3e, na huɗu a sakandare) da Probatwar da Bak na shekarun baya halal ne, suna da amfani matuƙa, kuma su ne abin da ya fi cancanta a sauke a buga. Sai dai amsoshin da ake haɗawa da su a shafuka da yawa ba a san wanda ya rubuta su ba, kuma na sha samun kuskure a cikinsu, saboda haka a kawo wa malamin darasin ya duba tukuna.

Tsohon darektan firamare, Ngaundere:

Ɗana, tun da ka ambaci halal, bari in ƙara wani abu da ba a son ji. Tun bayan dokar 2017 da ta tsayar da littafi ɗaya ga kowane darasi, na ga ana ɗaukar hoton littattafan da ke cikin jerin hukuma shafi shafi ana rabawa a zauruka. Na san talauci ne ke jawo haka, kuma ba zan zargi uban da ya rasa kuɗin littafi ba, amma waɗannan littattafai suna da masu su, ba kamar na African Storybook da Malama ta ce an ba da izinin bugawa ba. Idan za mu haɗa jerin da zai fita da sunan wannan zaure, ina roƙon kada a sa irin waɗannan a ciki.

Uwar 'ya'ya, Marwa:

Na ji bayanin kowa, Allah ya biya ku. Abin da na ɗauka zan iya yi shi ne duba littafin rubutu kamar yadda Baba ya ce, neman takarda bayan kallon darasi, da kashe intanet kafin in ba da waya. Amma ina da ƙorafi ɗaya a kan malamai, kuma ina fatan ba za a ji haushi ba. Zaurukan da makarantu ke buɗe wa iyaye, duk sanarwar da ake turowa a rubuce take da Faransanci, sai mu jira yaron da ake magana a kansa ya karanta mana, shi kuwa ya karanta abin da ya ga dama. Me zai hana a riƙa haɗawa da saƙon murya na minti ɗaya da Fulatanci ko Hausa, a faɗa mana darasin da ake ciki a wannan mako da ranar gwaji? Sannan yara mata, waɗanda da yawa daga cikinmu ba za mu bari su fita wani gida da yamma don kallon kwamfuta ba, yaya za a yi da su?

Malamar firamare, Yagwa:

Hajiya, ƙorafinki yana kan hanya, kuma saƙon muryar ba ya bukatar izinin kowa, malamin aji ne kawai zai ɗauki nauyinsa. Batun 'yan mata kuwa shi ne dalilin da ya sa har yanzu na fi karkata ga takarda. Shafi biyu na tambayoyi da aka buga a shagon fotokopi suna shiga kowane gida, yarinya ta yi aikinta bayan ta gama na tsakar gida, ba ta jira wayar yayanta ba, ba ta kuma fita ko'ina ba.

Malamin lissafi, Garwa:

To, ga yadda nake ganin za mu raba aikin, idan kowa ya amince. Ni zan bi darussan MINESEC na lissafi daga 3e zuwa Tarminal in ware waɗanda sautinsu da bayaninsu suka fito sosai, in kuma haɗa tsofaffin takardun jarrabawa da amsoshin da na duba da kaina. Malama ta zaɓo littattafan labari na SIL da CP, wato aji na ɗaya da na biyu, Baba ya bi Hausarsu da Fulatancinsu. Ƙanwarmu ta Marwa ta tattaro na horon malamai, Malamin Njamena kuma ya turo abin da ya dace da ɓangaren Larabci. Mai gyaran kwamfuta zai zuba komai a memori guda, a tsara shi aji aji, yadda za a iya kwafa daga waya zuwa waya. Har yanzu ba mu da wanda zai duba kimiyyar halittu da tarihi, don haka duk mai koyar da su a cikinmu ya yi magana. Kuɗin fotokopi kuma ba a nan za a yanke shi ba, sai kowa ya kai maganar taron APEE, wato ƙungiyar iyaye da malamai, na makarantarsa.

Tsohon darektan firamare, Ngaundere:

Na karɓi nawa. A turo mini labaran kaɗan kaɗan, kuma a manyan haruffa, domin idanun sun fara gajiya. Game da bidiyo a sakandare, ɗana, ban janye shakkuna ba tukuna. Idan sakamakon zango na biyu ya fito, ka kawo mana makin waɗanda suka kalla da na waɗanda suka yi aiki da takarda kaɗai, mu sake zama a kai.